Mu Zaga Garuruwanmu: Daga Jibiya Zuwa Maraɗi, Tsakanin Tudu da Kwari

Wannan makon mun ɗauki hanyar da ta fita daga birnin Katsina ta nufi yamma. Za mu yada zango a Jibiya, sannan mu tsallaka iyaka mu leƙa Maraɗi. Amma kafin mota ta tashi, ga tambayar da muke so kowa ya riƙe a ransa: me ya sa garinku yake zaune daidai wurin da yake? Me ya sa ba a kafa shi can gaba da kilomita biyar ba, ko a ɗaya gefen rafi? Da yawanmu an haife mu a gari, mun yi firamare a cikinsa, mun san kowane lungu da kowace kwana, amma ba mu taɓa yi wa kanmu wannan tambaya ba. Alhali kuwa babu garin da ya faɗo daga sama. Wasu mutane ne suka tsaya wata rana suka duba gabas da yamma, suka auna abin da suke tsoro da abin da suke nema, sannan suka ce a kafa bukka a nan.

Daga Katsina zuwa Jibiya tafiyar kimanin kilomita 45 ce. Kafin a shiga garin akwai Magama, kuma sunan ya dace da wurin, domin nan hanyoyi suka haɗu. Ɗaya ta miƙe ta ratsa Jibiya ta nufi Zurmi da Ƙauran Namoda, ɗaya kuma ta karya arewa ta nufi Nijar. A kan wannan ta arewar ne jami'an kwastan da na shige da fice suke aiki, nan kuma tireloli ke jeruwa suna jiran a duba takardunsu. Ranar Lahadi ce kasuwar Jibiya ke ci. Wanda ya shiga cikinta da kunne a buɗe zai ƙaru fiye da wanda ya shiga da ido kawai. Hausa ɗaya ake yi, amma ka saurara da kyau. Wani zai ce ɗansa yana makaranta, wani ya ce nasa yana lakwal. Wani zai ce malamin aji, wani ya ce mushe. Idan mutumin ƙetare ya ce zai kai matarsa likita, asibiti yake nufi. Idan kuma ya ce maka dala ashirin, kada ka zabura kana tunanin kuɗin Amurka, sefa 100 yake nufi, domin a lissafinsu dala ɗaya sefa 5 ce. Waɗannan ƙananan bambance-bambance tabo ne na mulkin mallaka guda biyu, na Ingila da na Faransa, a kan harshe ɗaya.

Abin da ya fi cancanta baƙo ya fara gani a Jibiya shi ne ruwa. Kogin Gada ya taso daga ƙasar Katsina ya bi ta gefen garin, kuma a kansa aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, wadda aka kammala a 1991. Tsawon bangonta ya haura kilomita uku da rabi, an kuma tsara ta don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 142. Ga aikin lissafi ga 'yan aji uku: kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarkoki 40 irin masu lita 25 da 'yan garuwa ke turawa a kura. To jarkoki nawa ke nan idan madatsar ta cika? Ku yi a takarda, kada ku taɓa waya. An gina ta ne don ruwan sha da noman rani, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Sai dai akwai wani abu da ya kamata mai nazarin labarin ƙasa ya lura da shi. Mafi yawan filayen da aka so a shayar sun fi ruwan tudu, don haka ba ya gangara musu da kansa, sai an tura shi da inji, inji kuma yana cin mai. Tun daga nan maganar tudu da kwari ta fara shiga aljihun manomi.

Ruwan nan bai san kwastan ba. Da ya wuce Jibiya sai ya shiga Nijar, a can ake kiransa Gulbin Maraɗi. Ya bi ta Madarunfa, ya wuce ta gindin birnin Maraɗi da Tsibiri, sannan ya yi kwana ya dawo Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Gulbi ne na damina, da rani sai rairayi. Tunda duk abin da aka tare a sama yana rage abin da zai isa ƙasa, dole ƙasashen biyu su zauna su yi magana, shi ya sa a 1990 suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Maiduguri kan yadda za su raba ruwan kogunan da suka yi tarayya a kansu, har da wannan.

Yanzu mu tsallaka. Daga Magama, bayan an wuce shingen ƙarshe na Najeriya, garin farko da ake tsayawa a ɓangaren Nijar shi ne Ɗan Isa. Tsakanin wuraren biyu babu dutse, babu teku, babu wani abu da ido zai gani ya ce ƙasa ta canza. Gonar gero ce a dama, gonar gero a hagu. To wa ya ja layin? A Turai aka ja shi, kuma ba sau ɗaya ba. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun ɗora tsinin kamfas a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, sannan suka ci gaba da layuka miƙaƙƙu zuwa gabas. A wannan zane, Maraɗi ta faɗo ne a rabon Ingila. Daga baya Faransawa suka ga layin ya bar su cikin ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi, ba su da hanyar da ayarinsu zai bi daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba tare da ƙishirwa ta halaka shi ba. Sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawaga ƙarƙashin hafsoshi biyu, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, ta bi ƙasa tana kafa alamomi guda 148 daga kogin Kwara har tafkin Chadi. Ku tsaya ku yi tunani a nan. Da ba a sake wancan zama ba, da yaron Maraɗi yau yana shirin jarrabawar NECO kamar ku.

Layin bai daɗe da wuce shekara ɗari ba, amma abin da ya haɗa mutanen ɓangarorin biyu ya girme shi nesa ba kusa ba. A 1807 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo suka karɓe birnin Katsina. Jagororinsu uku ne: Malam Ummarun Dallaje, wanda ya zama sarki, da Malam Muhammadu Na Alhaji, da Malam Ummarun Dumyawa, wanda ya riƙe ɓangaren arewa maso yamma ya zauna a Zandam. Zandam ɗin nan tana cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya ta yau, kuma muna da tabbacin akwai ɗaliban da suka fito daga can da ba su taɓa jin wannan ba. Sarkin tsohon gidan sarauta, Magajin Halidu, ya ja da baya zuwa Ɗankama, a can ajali ya riske shi. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi gudun hijira zuwa Damagaram, daga baya suka dawo yankin Tasawa. Wajen 1819 mutanen kwarin gulbi suka yi wa wakilin sabuwar gwamnati tawaye, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya zauna a Maraɗi. Shi ya sa har gobe sarautar can sunanta Sarkin Katsinan Maraɗi. Shi ya sa kuma idan ka shiga fadarsa za ka tarar da Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durbi, sarautun da muka sani a Rimi da Malumfashi da Dutsin-Ma da Mani. Gida ɗaya ne ya rabe biyu.

Ga inda tambayarmu ta farko ta dawo. Mutanen da ke gudun yaƙi a ƙasar Hausa sun saba neman dutse. Dala a Kano, Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, Kwatarkwashi a Zamfara, Dutse a Jigawa, duk wurare ne da mutane suka raɓu da tsauni, domin daga sama ana hango ƙurar maƙiyi tun yana nesa, doki kuma ba ya hawan pa. Amma a yankin Maraɗi babu irin waɗannan manyan duwatsu. Abin da Allah ya ba su shi ne kwari mai duhun itatuwa da sarƙaƙiya. Sai suka juya dabarar, maimakon su hau sai suka sauka. Barde mai lifidi yana da ban tsoro a fili, inda zai saki linzami ya yi sukuwa. Shigar da shi kurmi, inda reshe ke kama mashi, ƙaya ke kama rigar doki, sai ya zama abin harbin mai kwari da baka. Ga kuma ruwa kusa, ga ƙasar fadama mai albarka. Suka kewaye garin da ganuwa, suka zauna a ƙasa.

Dabarar ta yi aiki shekaru da yawa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Maraɗawa da Abzinawa a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu. Duk da haka garin bai faɗi ba. Ɗan Mari ya gaji Rauda, ya kuma taimaki Gobirawa suka kafa Tsibiri a cikin kwarin nan, 'yar tafiya kaɗan daga Maraɗi. Daga waɗannan garuruwa biyu aka riƙa kai hari kudu, musamman zamanin Ɗan Baskore, ana kuma ramawa daga Katsina da Sakkwato.

Wa ya sha wahalar wannan kai-da-kawo? Mutanen tsakiya, wato ƙasar da Jibiya da Batsari da Safana suke a yau. A farkon shekarun 1840 garuruwan yankin Ruma suka goyi bayan Ɗan Mari suka yi wa Katsina tawaye. Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe su da ƙarfi, garuruwa da yawa suka watse, gonaki suka koma daji. Wannan na daga cikin abin da ya faɗaɗa dajin da muke kira Rugu. Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a 1851, ya tarar da ƙasar da ke tsakani daji ce da matafiya ke ratsawa cikin fargaba, ya kuma wuce ta kangon Ɗankama. Ba ma son mu ja maganar da nisa, amma duk ɗalibin da ke jin sunan Rugu a labarai yau ya kamata ya san cewa a ƙarƙashin itatuwan nan akwai kufai, akwai tsofaffin rijiyoyi, akwai wuraren da yara irinku suka taɓa yin wasan dare. Wanda ke son zurfafawa ya nemi littafin da marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya wallafa a 1981 kan tarihin Katsina. Da Turanci yake, yana kuma da nauyi, amma malamin tarihi zai iya warware muku shi babi-babi.

A hanyar Maraɗi akwai wurin da bai kamata a wuce ba, wato Madarunfa. Ƙaramin gari ne a bakin tafki, masunta na jefa taru, tsuntsaye na sauka lokacin sanyi. Mutanen wurin suna cewa akwai kaburburan waliyyai 99 kewaye da tafkin, kuma duk shekara jama'a na zuwa ziyara, har daga Najeriya. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Sai Maraɗi. Mai shiga birnin yau zai ga tituna miƙaƙƙu suna gitta juna kamar layukan littafin lissafi, zai kuma yi mamaki, domin tsofaffin biranen Hausa ba haka suke ba. Lungunan Katsina da Kano da Zariya a murɗe suke kamar hanjin kaza. Dalilin bambancin shi ne Maraɗin da ake gani yanzu ba a wurinta na asali take ba. Bayan Turawa sun zo yaƙe-yaƙe sun ƙare, kurmin da ke kare garin bai da sauran aikin tsaro, amma gulbin yana nan da halinsa. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin da ke kwari. Hukumar Faransawa ta sa aka tashi aka koma kan tudun da ke sama da gulbin, aka yanka filaye da igiya da ma'auni. Mutane suka hau da kayansu, suka kuma hau da sunayen unguwanninsu: Maraɗawa, Bagalam, 'Yandaka, Limanci, Mokoyo, Ɗan Gulbi. Daga baya aka samu su Sabon Gari da Zariya. A kan tudun nan ne cinikin gyaɗa ya bunƙasa, Alhazan Maraɗi suka yi suna, har garin ya zama cibiyar kasuwancin Nijar. A ƙidayar 2012 mutanensa sun haura 260,000. Idan ka tsaya a gefen yamma na birnin ka dubi ƙasa, za ka ga kwarin shar da lambuna da itatuwan mangwaro. Nan kakanninsu suka ɓuya wa dawaki kusan shekara ɗari, nan kuma ruwa ya kore su.

Da ma a ce wannan labari ya tsaya a 1945. A daren Lahadi 15 ga Yuli 2018, wayewar Litinin, aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a Jibiya. Kafin gari ya waye ruwa ya shiga unguwanni irin su Kwata da Tukare da Unguwar Mai Kwari, ya rushe ɗaruruwan gidaje, ya tafi da dabbobi. Mutum fiye da 40 suka rasu, da yawansu mata da ƙananan yara. Wasu gawarwakin sai a cikin ƙasar Nijar aka tsinto su, domin ruwan ya bi hanyarsa ta kullum. Allah ya jiƙansu da rahama. Cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda suka rasa 'yan uwa a daren, don haka ba ma kawo maganar don mu tayar da miki. Mun kawo ta ne saboda shekara 73 ne kacal tsakanin ambaliyar Maraɗi da ta Jibiya, a kwari ɗaya, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya a mota ba. Ɗalibai nawa ne a Jibiya aka taɓa koya musu abin da ya sami Maraɗi? A ajinmu muna haddace sunayen kogin Misisipi da na Amazon, muna zana su a jarrabawa, amma ba a cika tambayarmu inda ruwan bayan gidanmu ke tafiya ba.

A ganinmu wannan gyara ne da malamai za su iya yi ba tare da jiran sabon manhaji daga Abuja ba. Sunayen unguwanni kaɗai darasi ne. Duk inda kuka ji Tudun Wada, Gangare, Fadama, Kwari, Bakin Gulbi, Rafin wane, Tafkin wane, to magabata sun bar muku bayani a kan yanayin ƙasar. Mai sayen fili a unguwar da sunanta ya ambaci ruwa ya kamata ya tambayi dalili kafin ya zuba harsashi. Gaskiya ne ba kowa ke zaɓar kwari don so ba. Filin tudu yana da tsada, talaka kuma inda kuɗinsa ya kai nan yake ginawa, ga kuma waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka suka shigo gari suka raɓa duk inda suka samu. Wannan kuwa shi ne lissafin da mutanen Ɗan Kasawa suka yi: tsoron da ke gabanka yau yakan rufe maka ido daga ruwan da zai zo wata damina. Bambancin shi ne mu muna da labarinsu a hannu.

Bayan ruwa da tsaro, abu na uku da ke zaunar da gari shi ne hanya, kuma Jibiya da hanya take numfashi. Kun gani da idonku. A Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga baya aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilu 2022. Ba a jima ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa, sai a Maris 2024 Najeriya ta ɗage. Ku tambayi ɗan dako, ko mai shayi a Magama, ko direban da ke jigilar fasinja zuwa Ɗan Isa, yadda waɗannan watanni suka kasance. Akwai yaran da kuɗin makarantarsu daga wannan hanya yake fitowa. Yanzu kuma ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. An tsara ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Abin farin ciki ne, amma muna so ku yi tunani kamar masu nazari. Tirela tana tsayawa, direba ya ci abinci, ya yi faci, ya kwana. Jirgin kaya yana iya wucewa da dare ba wanda ya sayar masa da ko ruwan leda. Ko garin zai ci moriyar jirgin ya danganta da abin da za a riƙa lodawa da saukewa a tasharsa.

Akwai wani ƙaramin gari a kan tudu a ƙasar Italiya da labarinsa ke da amfani a nan, sunansa San Jiminyano, a yankin Toskana. Ya yi arziki ne saboda yana kan hanyar da masu ziyara ke bi daga arewacin Turai zuwa birnin Rum. Attajiransa suka riƙa gasar gina hasumiyoyin dutse, kowane gida na son nasa ya fi na maƙwabci tsawo, har aka ce sun kai 72. A 1348 annoba ta kashe jama'a masu yawa, a 1353 garin ya miƙa wuya ga birnin Fulorens, matafiya kuma suka koma wata hanyar. Sai garin ya yi barci na ɗaruruwan shekaru. Abin mamaki, talaucin ne ya adana shi, domin babu mai kuɗin da zai rushe tsohon gini ya yi sabo. Yau hasumiyoyi 14 na tsaye, UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 1990, baƙi daga ko'ina suna zuwa kallo. Sai dai mu kada mu ruɗi kanmu da wannan. Nasu ginin dutse ne, yana iya jiran shekara ɗari biyar kafin a waiwaye shi. Namu na ƙasa ne. Ganuwar da aka bari damina goma ba yaɓe ta zama tudun da ake ɗibar ƙasar bulo. Mafi yawan tarihin garuruwa irin su Jibiya da Zandam da Ɗankama a bakin tsofaffi yake, tsoho kuwa ba ya jira.

Don haka ga aikin wannan mako, ga duk mai karatu, ko a Jibiya yake ko a Gumel ko a Illela. Ku sami dattijo ko dattijuwa mafi shekaru a unguwarku, ku gaishe su yadda ya kamata, ku nemi izini kafin ku rubuta ko ku ɗauki murya a waya. 'Yan mata, ku kuka fi mu sa'a a nan, domin kakanni mata sun fi sakin baki da jikokinsu mata, kuma su ne suka san rijiyar da aka fara sha da wadda ta ƙafe. Ku tambaye su ina ne tsohon gari, wace unguwa aka fara zama, daga ina mutanenta suka taso, me ya taso su. Ku tambayi ambaliya mafi girma da suka gani, da daidai inda ruwan ya tsaya, ko gindin wace bishiya ko ƙofar wane masallaci. Idan sun ce shekarar kaza ce, kamar shekarar da aka naɗa wani sarki ko aka yi wata yunwa, ku rubuta yadda suka faɗa, daga baya malaminku zai taimaka a gano shekarar da lamba. Idan mutum biyu suka saɓa, ku rubuta duka biyun, kada ku zaɓi wanda ya fi daɗi. Sannan ku zana taswirar garin a takarda ɗaya, ku sa alamar tudu da ja, kwari da shuɗi, ku nuna da kibiya inda ruwa ke bi idan an yi sama.

Sharaɗi ɗaya, kuma ba wasa a cikinsa: duk wannan aiki a cikin gari za a yi shi. Kada wani ya ce zai shiga daji neman kufai ko alamar iyaka, kada kuma a je bakin madatsar ruwa ba tare da malami ko babba ba. Wanda ya gama ya ba malamin tarihi ko na labarin ƙasa ya duba, sannan a aiko mana da taswirar da bayanin da bai wuce shafi biyu ba, tare da sunan makaranta da aji. Waɗanda suka fi tsari za mu buga su a wannan shafi, tare da amsar lissafin jarkokin madatsar Jibiya. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.